Hannun Carafke

Talata, 10 ga Maris 1987, da hantsi

Lafiya lau muke. Na fara da wannan ne don in gan shi a rubuce.

Littafin lissafin 'yata Rabi ne, na tsinto shi a ƙarƙashin gado. Shafi huɗu ta ɓata, sauran fari fat. Tunda ba makaranta, ba kasuwa, ba fita tun rikicin ran Juma'a, bari in cinye mata shi. Rabona da riƙe biro haka kawai tun ina aji bakwai.

Yayyenta uku sun tafi Zariya wajen ƙanina shekaranjiya, a bayan motar citta. Ita kuwa ta rungume ƙafar gado tana ihu har direba ya gaji ya ja motarsa. Malam, maigidana, yana asibiti. An ce hannu ne kawai ya ƙone, an ce kada in je tukuna. Ban je ba.

Na zauna ina kallon shafi huɗun nan nata, na yi ta dariya ni kaɗai har da ƙwalla. Tsakani da Allah, kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda sai ta fi 'yata iya rubutu. Kuma ba daƙiƙiya ba ce. Shekararta tara, tana aji uku, a karanta mata abu sau ɗaya ta haddace shi, lissafin baki kuwa har babanta take ƙurewa. Amma a miƙa mata fensir sai ta zama wata yarinya daban: harshe a waje, gumi a goshi, ta danne takarda har ta huje.

Kafin a rufe makaranta Hedimasta Martins ya kira Malam. Ya ce zai ba ta shafi ɗaya ta rubuta a gabansa, in ya kasa karantawa aji biyu za ta koma. Malam ya dawo ya ce in har aka mayar da ita baya cikin ƙannenta, to ta gama boko ke nan, ta zauna ta taya ni aiki. Shi kuwa magana ɗaya gare shi. Ni da karatuna ya tsaya a aji bakwai na san irin wannan zaman, kuma ba na so mata shi.

Laraba, bayan azahar

Jirgin ƙasa bai yi kuka ba yau ma. Ashe da shi nake sanin lokacin ɗora tukunya.

Alhamis, da la'asar

Hulda ta shigo!

Ba ta ƙofa ba. Ta ɓular katangar baya, wadda akuyar babanta ta faɗaɗa, Malam ya shekara biyu yana cewa zai toshe. Ina tankaɗe sai na ga kai ya leƙo, sai kafaɗa, sai kwano cike da gwaza.

Hulda 'yar Baba Kaleb ce, maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga reluwe. Tare muka yi wasan ƙasa da ita. Tana aiki a wani asibitin mishan can wajen Jos, ta zo hutun sati ɗaya, hanya ta rufe da ita. Kwana shida ke nan katanga ɗaya ce tsakaninmu, ban kira ta ba, ba ta kira ni ba.

Muka tsaya muna kallon juna. Na rasa ta inda zan fara gaisuwa. Sai ta ce, "Kubra, ka karɓi kwano mana, hannu na ya gaji." Shekara talatin ina gyara mata, har yau "ka" take ce min kamar wani gardi. Na fashe da dariya, ita ma ta fashe, sai dariyar ta juye ta koma wani abu. Muka bari ya wuce. Ba ta tambayi Malam ba sai da za ta tafi. Ni kuma ban tambaye ta ƙaninta ba.

Ta ga littafin nan a kan tabarma ta buɗe shafukan farko. Aikin Hulda ba allura ba ne, ba magani ba. Waɗanda hannunsu ya mutu, kutare da masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda suka karye, su take koya wa sa maɓalli da riƙe cokali da rubutu. Ta kira Rabi ta ce ta rubuta sunanta. Abin mamaki, ba ta kalli takardar ba ma. Ƙafafun yarinyar take kallo, da kafaɗa, da wuya.

Ta ce, "Kai na shi yana aiki sosai. Hannu ne bai yarda ba. Ka ba ni shi kowane safe, mu gani."

Na gaya mata maganar Hedimasta da ta Malam, na ce ba mu ma san ranar komawa makaranta ba.

Ta ce, "To, muna da taim ke nan."

Juma'a, da la'asar

Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, na fere sabon fensir dogo mai kyau. Hulda ta shigo ta ɗauke shi ta karya shi uku a gwiwarta. Saura kaɗan in yi salati da ƙarfi. Ta ce dogo yana ba yaro wurin damƙewa da yatsa biyar, guntu kuwa dole sai uku. Daga nan ma ta ajiye guntayen gefe ta ce in kawo faifai da gero.

Ta kifa turmi ya zama tebur, ta sa wa Rabi bulo a ƙarƙashin ƙafa don kada su riƙa lilo. Ta baza geron a faifai ta ce ta rubuta harafi da yatsa, ƙato, iya faɗin faifan. In ya ɓaci a girgiza, ya tafi, ba wanda ya gani balle ya yi dariya. Bayan wannan sai murza yumɓu, sai ɓarar gyaɗa da yatsa biyu, sai zura tsakiya a zare. Na ce, "Hulda, karatun nan da kika tafi shekara da shekaru kina yi, ashe wasan 'yar tsana ne? Da kin zauna na koya miki." Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

Rabi ta yi awa guda ba ta yi kuka ba. Ban taɓa ganin haka ba in dai da harafi a wurin.

Yau Juma'a. Ban ji lasifikar masallaci ba.

Asabar, da hantsi

Lafiya lau muke. Kaji sun cinye harafin "g".

Lahadi, bayan azahar

Baba Kaleb bai sa kwat ɗinsa na zuwa sujada a coci ba. A gida suka yi, da murya ƙasa ƙasa, ina jin su ta katanga. Rabi ta san muryar waƙar tun tana goye, tana ɓarar gyaɗa tana bin su da hanci. Ban hana ta ba.

Na sake wanke labulen ɗakin Malam. Warin hayaƙin nan yana nan.

A faifai haruffanta sun fara kama da haruffa. A takarda kuwa layi uku take yi ta yarfe hannu ta ce yana mata zafi. Hulda ta daɗe tana kallonta, ta ce, "Akwai abin da ban gane ba tukuna."

Talata, 17 ga wata, da la'asar

Raina a ɓace yake, bari dai in rubuta yadda aka yi.

Rabi tana bayan madafa tana 'yar carafke ita kaɗai da tsakuwoyinta. Ta cilla ɗaya sama, ta kwashe na ƙasa, ta cafe kafin ta faɗo. Duk unguwar nan ba yarinyar da ke cin ta. Hulda ta zuro rabin jikinta ta ɓula, sai ta tsaya a haka, ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Can ta ƙarasa shigowa, ta tsinki ɗanyen mangwaro ta ce, "Rabi, kama!" Ta cafe. Ta ba ta allura da zare, ta zura tashi ɗaya. Ta ce ta tsefe kitsonta guda, ta tsefe.

Ta juyo gare ni. "Kubra, wannan yarinya bahago ne."

Na ce, "A'uzubillahi. Ba bahago a gidan nan."

"Dutse, hagu. Mangwaro, hagu. Allura, hagu. Fensir ne kaɗai dama. Wa ya canja mashi hannu?"

Na ce tukunyata tana ƙonewa. Ba tukunya a wuta, duk mun sani.

Ta biyo ni har madafa. "Kai ma na gan ka. Da wane hannu kana yanka albasa?"

Nan na gaya mata magana. Na ce ta je ta gyara kutarenta ta bar min 'yata, ba a kira ta ta shigo gidan mutane tana ƙirga musu hannuwa ba. Ta juya. Ta ɗauki kwanonta ta bi ɓula.

Laraba, da hantsi

Ban leƙa ɓular ba. Ita ma ba ta leƙo ba. Rabi ta baza gero a faifai tun safe tana jira.

Alhamis, da sassafe

Goggo, kakata, da ɗankwali take ɗaure min hannun hagu ta baya, daga safe har azahar. In na kwance ta shafa masa barkono. Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta ce ba mai cin tuwon bahaguwa, kuma miƙa wa babba abu da hagu zagi ne ko ba a buɗe baki ba. Abin da Goggo ta rage, rula ta ƙarasa a makaranta. Na koya. Ga rubutuna nan, ba laifi. Amma har yau shafi ɗaya nake yi kafaɗata ta ɗau zafi, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Rabi tana shekara uku ta kai hannun hagu ta ɗauki ludayi. Ban jira wani ya gani ba. Na ciro ɗankwalina. Wata biyar ina yi, tana kuka a tsakar gida ina kuka a madafa. Malam ya yaba min, ya ce na yi tarbiyya. Ni a ganina ceton ta nake yi daga bakin mutane.

Ni na ɗaure hannun, na dawo na zauna ina dariyar rubutun. Kunya nake ji, kuma haushin kaina nake ji.

Alhamis ɗin dai, bayan azahar

Na bi ta ɓular, karo na farko. Zanena ya yage. Hulda tana wanki, na tsaya a kanta na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Na sani. Je ka kawo faifai."

Asabar, bayan azahar

Yau na yi dariyar da rabona da irinta tun kafin ranar nan.

Hulda ta fara ja mana kunne. Ta ce ba dabo ba ne, hannun ya shekara shida bai taɓa fensir ba, kuma ba kowane yaro ake mayarwa ba, sai an gwada an gani. Kwana biyu suna faifai da hagu, yau ta ce a gwada takarda. Ta ajiye guntun fensir a tsakiyar turmi ta ce Rabi ta ɗauka da wanda take so. Yarinyar nan ba ta kalli fensir ba, ni ta kalla. Na ce, "Ɗauka, uwata." Sai da na faɗa sau biyu.

Ta ɗauka da hagu. Ba harshe, ba gumi, fensir yana tafiya sumul. Muka leƙa. Ta fara daga gefen dama ta nufi hagu, kowane harafi ya juya mana baya! Ashe hannun ya bi hanyar makarantar allo, inda ake farawa daga dama, tunda nan ne ya fi masa sauƙi. Hulda ta ce in kawo madubi. Ta kafa shi a gefen takardar, sai ga shi a ciki tsaf, Rabi'atu, kamar malami ya rubuta. Rabi ta yi tsalle ta kifar da faifai. Ni da Hulda muka riƙe ciki. Baba Kaleb ya ɗago murya ta katanga yana tambaya ko haihuwa aka yi.

Hulda ta ce in ba ta janbakina. Ta ja layi ja a gefen hagu na shafin daga sama har ƙasa. "Boko yana tashi daga jan layi. Allo yana tashi daga wancan gefe. Ka ji?" Ta karkata takardar zuwa dama, ta sa hannun ya zauna a ƙarƙashin layi don kada ya goge abin da ya rubuta. Layin farko da aka yi ta hanyar ƙwarai ya fito a karkace, amma na karanta shi ba madubi.

Mun yi yarjejeniya mu uku. Tuwo da gaisuwa da miƙa abu, dama. Allo ma dama, yadda ta saba. Fensir da carafke, hagu.

Litinin, 23 ga wata, da la'asar

Malam ya dawo da ƙafarsa. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

A mashin aka kawo shi. Hannun dama a naɗe har gwiwar hannu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce a ba shi ruwa. Tun kafin ya iso na ɗauke makullan rumfarsa ta kasuwa daga jikin ƙusa na jefa cikin kwalla. Ya kalli ƙusar, bai tambaya ba.

Na yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya zauna a gaban kwano har ya huce. Na ce in ba shi a baki, ya harare ni. Da hagu kuwa ya ce ko da wasa. Kunu ya sha.

Na ɓoye guntayen fensir a cikin gwangwanin gishiri.

Laraba, bayan azahar

Ya kama ta. Tana bayan madafa da takardarta a kan turmi, ya zagayo zai yi alwala.

"Wa ya ce ki riƙe da wannan?"

Na fito na ce ni ce. Na fara ba shi labarin madubi, ya katse ni. Ya ce ba a gidansa ba. Ya ce 'yarsa ba za ta tsaya gaban malami tana rubutu da hannun da ake tsarki da shi ba, mutane su ce ba ta da iyaye. Gara ta zauna gida.

Bakina ya riga ni. Na ce, "To kai da wanne kake ɗaure mazagin wandonka kwana goma sha tara?"

Ya dube ni, ya dubi hannunsa, ya shige ɗaki. Da ana mayar da magana ciki da na haɗiye ta. Amma ban ce ƙarya na yi ba.

Alhamis, da hantsi

Ba mai magana da wani a gidan nan sai kaji.

Juma'a, da la'asar

Baba Kaleb ya maƙale a ɓula.

Wai zai zo gaida Malam, kuma ya ƙi bi ta titi. Kai da kafaɗa suka wuce, tumbi ya ce bai san zancen ba. Hulda tana turawa ta can, ni ba dama in taɓa shi, shi kuma yana ta kiran sunan Ubangiji da harshensu. Malam ya fito da gudu, ya kama shi da hagu ya ja, suka zube tare a kan shanyata. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to yau dai ya ciro tsohon ma'aikacin reluwe. Na ga haƙoran Malam, karo na farko tun dawowarsa.

Suka zauna a gindin mangwaro. Can Baba Kaleb ya ce, "Malam, Ubangiji ya tsare rai. Sauran kaya ne." Malam ya ce, "Haka ne, Baba." Iyakar abin da suka ce a kai ke nan.

Baba ya ce a bar Hulda ta duba hannun. Malam ba ya iya musu da shi. Da ta kwance na kau da kai. Na ji tana cewa fata tana warkewa, amma in ya bar yatsun a lanƙwashe haka za su daskare. Ta ɗinka masa ƙwallon tsumma, ya riƙa matsawa yana saki safe da yamma. Ta ce zai dawo kaɗan kaɗan, amma sai an yi watanni. Sannan ta naɗe wa cokali ƙyalle a mariƙi ya yi kauri, ta ajiye masa ta gefen hagu.

Ya ce, "Hulda, da hagu?"

Ta ce, "Malam, lalura ne. Kai ka fi ni sanin littafi na ku."

Ya ci shinkafa. Rabinta a ƙasa, kaji sun gode. Amma ya ci, har ya ce a ƙara.

Lahadi, da hantsi

Jirgi ya yi kuka! Na saki tsintsiya na tsaya har ya gama.

Talata, 31 ga wata, bayan azahar

Ruwan farko ya sauka jiya da yamma, yau gari ya tashi da ƙamshin ƙasa. Rabi ta cika kwano da ƙwarin shinge ta ce lallai sai na soya. An yi shela za a buɗe makaranta ran Litinin. Na ji tsoro, na kuma ji daɗi, duka biyun a lokaci ɗaya.

Da safe ina shara na hango Malam yana kokawa da maɓallin rigarsa. Ya kama ya suɓuce, ya kama ya suɓuce, harshe a waje, gumi a goshi. Rabi tana tsaye tana kallonsa. Tun ran Laraba ba ta matsa kusa da shi ba. Sai na ji ta ce, "Baba, ba haka ba. Kada ka ja rigar. Tura maɓallin da babban yatsa, Anti Hulda ta ce ramin ne zai zo ya same shi."

Ya yi yadda ta ce. Ya shiga. Ya yi na biyu, ya yi na uku. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In kina rubutu da dama, haka kike ji?"

Ta ce, "Kullum, Baba."

Ya gyara wuyan rigarsa. Ni kuwa na share wuri ɗaya sau uku.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da la'asar

Darasi ya koma gidan Baba Kaleb. Malam ya sani, yana ganin ta tana bin ɓula da faifai a ka. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Janbakina ya kusa ƙarewa.

Tana yin rabin shafi yanzu ba ta yarfe hannu ba. Layukan suna hawa tudu, kuma "b" da "d" har yanzu suna musayar riga in ta yi sauri. Na ce wa Hulda kwana huɗu ya rage. Ta ce, "Sannu ba ya hana zuwa." Na ce ta ƙarasa karin maganar mana, ta ce ita iya nan aka koya mata.

Lahadi, bayan azahar

Hulda ta tafi, asibitinsu sun aiko. Ta ƙofar gida ta shigo sallama, ni kuma na raka ta har bakin titi, muna tafe kafaɗa da kafaɗa, mai kallo ya kalla. Ta bar min jerin abin da za a ci gaba da yi: faifai, yumɓu, ƙwallon Malam. Ta ce in daina tsayawa a kan yarinya ina numfashi kamar tsohuwar saniya. A bakin titi na tambaye ta ƙaninta. Ta ce an gan shi a Kagoma, da ransa. Na ce Allah mun gode, ta ce amin.

Da na dawo Rabi ta ce, "Inna, gobe da wanne zan yi?"

Na ce ta tambayi babanta. Ba ta tambaya ba. Ni ma na kasa.

Litinin, 6 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sauri nake yi, a yi haƙuri da rubutun.

Mu uku muka tafi. Malam ya sa farar rigarsa, shi ya sa maɓallan da kansa. Yaran da suka dawo ba su cika rabin fili ba. Hedimasta Martins ya fito da tebur baranda, ya ce kowane uba ya sa hannu a rajista cewa ɗansa ya dawo. Ni na raɓe jikin ginshiƙi.

Da layi ya zo kan Malam, Hedimasta ya ga naɗin ya ce, "Sori, Malam, sori," ya turo masa tawadar dangwale. Malam da ke karanta jarida daga farko har ƙarshe, bai taɓa dangwale ba a rayuwarsa. Ya kalli tawadar. Ya ce, "Rabi, zo ki rubuta min sunana."

Ta zo. Ta ɗauki biro da dama.

Ya ce, "Ba wannan ba. Wancan, naki."

Ta mayar hagu. Hedimasta ya ɗaga rula, ina jin ko tunani bai yi ba, sabo ne kawai. "Kai! Canja hannu!"

Malam ya tare da naɗaɗɗen hannunsa. "Hedimasta, in bugu ne fara da ni. Ni ma da hagu na ci tuwo jiya."

Rula ta sauka a hankali. Rabi ta karkata rajistar zuwa dama, ta sa yatsa ta nemo jan layin gefe, ta fara daga nan. Ta daɗe. Wata mata a bayanmu har ta yi tsaki, na juya na kalle ta, ta haɗiye sauran. Hedimasta ya jawo rajistar, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, "Nuru Abubakar Siddiƙ." Ya sake kallon yarinyar, ya sake kallon rubutun.

Bai yafe shafin ba, shi ma magana ɗaya gare shi. Ya zaunar da ita a gefen tebur yana faɗa tana rubutawa, yana sallamar iyaye a tsakani. Ta wuce rabi da kaɗan ya ce ya isa. Ya karanta daga sama har ƙasa, sau ɗaya ya yi tuntuɓe. Ya ce, "Doya ne, ba boya ba. Layi na ka kuma yana hawa dutse. Je ka aji."

Ta ce, "Wanne, sa?"

"Uku mana."

Ta ruga, ko waiwayen mu ba ta yi ba, 'yar nema.

A dawowa Malam ya bi ta hanyar kasuwa. Na bi shi. Ya tsaya inda rumfarsa take a da. An share tokar, an tara kwanon rufin gefe guda. Ya daɗe yana matsa ƙwallon tsummansa yana saki. Sannan ya ce, "In an sake kafawa, ita za ta rubuta allon ƙofar."

Na ce, "Da wane hannu?"

Ya ce, "Ke dai Kubra bakinki ba ya mutuwa."

Mun dawo gida mu biyu. Na ɗora tukunya. Sau biyu ke nan ina ƙwala mata kira ta miƙo min ludayi, sai in tuna tana makaranta.